Daga Kaset Zuwa Memori: Yadda Ake Tara Waƙoƙin Narambaɗa Ba Tare da An Gurɓata Su Ba

Duk wanda ya shiga shagon masu tura waƙa a Bagudo, ko Ka'oje, ko Illo, ya ce a zuba masa waƙoƙin da a memori, da wuya ya fito babu folda mai sunan Narambaɗa. Kuɗin ba yawa, kuma minti biyar ya isa. Sai ka koma gida ka buɗe za ka ga abin da ka sayo. Rabin fayil ɗin ba su da suna sai lamba. Wata waƙar ta faro daga tsakiya, wata an yanke ƙarshenta, wata kuma mai shago ya liƙa tallan shagonsa da lambar wayarsa a kai. Cikin folda ɗin ma ba abin mamaki ba ne ka tarar da Ɗanƙwairo ko Sa'idu Faru, domin yaron da ya haɗa ta ya ji kotso ne kawai ya ɗauka duk mutum ɗaya ne.

Wayar salula ta yi wa waɗannan waƙoƙi rana, wannan babu musu. Ba don ita ba, da matasa da yawa ba su taɓa jin muryar Narambaɗa ba. Amma ita ce kuma take gurɓata su a hankali. Abin da ya sa lamarin ya zama abin damuwa shi ne sautin da mutumin ya bari ƙayyadadde ne, ba zai ƙaru ba har abada. Idan kwafi mai kyau ya salwanta, aka bar mu da gurɓatacce, to gurɓataccen ne jikokinmu za su ɗauka shi ne Narambaɗa.

Wane ne, kuma me ake saurare a wajensa?

Ibrahim Narambaɗa mutumin Tubali ne, a tsohuwar ƙasar Isa da ke gabashin Sakkwato. Masu tarihinsa sun ce ɗan kokawa ne a ƙuruciyarsa, ya fara da waƙoƙin noma, daga baya ya zama makaɗin fadar Sarkin Gobir na Isa, Amadu. Ya kuma yi wa wasu sarakuna da hakimai da alƙalai na wannan yanki waƙa. Ya rasu a farkon shekarun 1960. Farfesa Aliyu Muhammad Bunza ya rubuta littafi sukutum a kansa, wanda ya fito a 2009, kuma duk mai son tara waƙoƙin ya kamata ya neme shi, ko don ya san sunayen abin da yake nema.

Ba shi ya fara kiɗan fada ba, amma shi ne mizanin da ake auna na bayansa da shi. Bakandamiyarsa ta kai matsayin da yau idan aka ce wannan ita ce bakandamiyar wane, kowa ya san ana nufin fitacciyar waƙarsa. Mai sauraro da ya saba da waƙar situdiyo yakan yi kuskuren tsammanin muryar jagora ce komai, sauran kuma rakiya. A wajen Narambaɗa ba haka ba ne. Yakan ɗauko ɗan waƙa ya kai shi rabi ya saki, 'yan amshi su cafe su ƙarasa, sannan a koma gindin waƙa tare. Daɗin yana wurin wannan miƙa da karɓa. Kotson kuma ba bugu kawai yake yi ba. Ganga ce mai fuska ɗaya da tsirkiya, ana kaɗa ta da hannu ana matsa ta, sautinta yana hawa yana sauka kamar magana. Ga kuma karin harshen, Hausar Gobir da Zamfara ta wancan zamani, da kalmomin da ko a Isa ba kowa ke amfani da su yau ba.

Na kawo waɗannan ne saboda su ne abubuwan da ke fara mutuwa idan sauti ya lalace. Baƙaƙe irin su s da sh da ts suna zaune ne a saman sauti, wurin da tsohon kaset ke fara rasawa. Idan suka dushe, kalmar da dama baƙuwa ce gare ka sai ta gagara ji gaba ɗaya. Muryoyin 'yan amshi kuma sai su cure su zama gunguni ɗaya. Shi ya sa za ka ga mutum biyu suna gardama a kan abin da ya faɗa a wani wuri, alhali laifin na fayil ɗin da ke wayarsu ne.

Hanyar da sautin ya biyo kafin ya iso wayarka

Ga wani abu da ba a cika lura da shi ba. Kamfanin Philips ya fito da kaset ne a 1963, kuma ya ɗauki shekaru kafin ya zama ruwan dare a ƙasar Hausa. Ke nan babu wani kaset na Narambaɗa da za a kira na asali. Duk kaset ɗin da ka gani kwafi ne. Asalin ɗaukar an yi shi ne da na'urorin da suka riga kaset, irin manyan zaren nan masu ƙwarya biyu da gidajen rediyo ke aiki da su. Daga irin waɗannan ma'ajiyai, da kuma abin da mutane suka riƙa ɗauka da rakoda lokacin da Rediyon Kaduna ko Rima Rediyo ke sa waƙar, kaset ya bazu.

To shi kaset, duk lokacin da aka kwafa daga wani zuwa wani, sai an yi asara. Ƙarar "shuu" ta ƙaru, saman sauti ya ragu, gudun zare ya ɗan sauya. Na biyu bai kai na farko ba, na biyar kuma sai a hankali. Masu shagon kaset na wancan lokaci da yawa suna kwafa ne da sauri ninki biyu don su sallami jama'a, wanda ke ƙara rage inganci.

Da aka shigo zamanin kwamfuta, sai wani ya ɗauki ɗaya daga cikin waɗannan kaset, ba lallai mafi kyau ba, ya mayar da shi MP3. A nan akwai wata fahimta da ke yawo wadda ba daidai ba ce. Mutane na cewa waƙa tana "gajiya" idan aka yi ta tura ta daga waya zuwa waya. Ba ta gajiya. Idan ka tura fayil ta Xender ko Bluetooth ko ka kwafa a memori, abin da ya isa daidai yake da abin da ya tashi, ko sau dubu aka yi. Inda ake asara shi ne wurin sake matsawa. MP3 tsari ne da ke zubar da wani ɓangare na sauti don fayil ya ƙanƙance. Idan wani ya ɗauki MP3 ya liƙa masa hoto ya ɗora a YouTube, an sake matsa shi. Wani ya sauke ya mayar MP3, an sake. Wani ya sa a TikTok ko sitatus na WhatsApp, an sake. Wani ya buɗe a manhaja don ya ƙara tallansa ya adana, an sake. Kowane zagaye yana cin nasa rabo, kuma abin da aka zubar ba ya dawowa. Mayar da fayil mai 64 kbps zuwa 320 kbps ba ya ƙara masa komai sai nauyi.

Alamar fayil da ya sha matsa ita ce wani sauti kamar ana magana a cikin ruwa, musamman idan 'yan amshi suka shigo gaba ɗaya. Da abin sauraro na kunne za ka ji shi sarai. Da sifikar waya ba za ka ji ba, kuma wannan ne ya sa ba a damu ba.

Abin da bakin iyaka ke ɓoye

Me ya sa mutanen Bagudo musamman? Saboda yanki ne na zirga-zirga. Ta Tsamiya ana ƙetarawa Segbana har Kandi, ta Lolo kuma ana fita ɓangaren Malanbil, babbar kasuwar arewacin Benin. Shekara da shekaru fatake da direbobi da masu jiragen ruwa a kan kogin Neja suna kai da kawowa, kuma a zangunan Hausawa na can akwai dattawan da kaset ne abokin hirarsu tun shekarun 1970 da 1980. Kaset ɗin da aka kwafa a wancan lokaci ya fi kusa da tushe fiye da wanda aka kwafa a 1998. Don haka akwatin da ke ƙarƙashin gadon wani tsoho a Illo ko Kandi yana iya ƙunsar kwafin da ya fi duk abin da ke intanet kyau, ko ma wani zama na waƙar da ba a taɓa ɗorawa ba. Kuma ba Narambaɗa kaɗai ba. A irin wannan akwati ne za a samu Aliyu Ɗandawo da ɗansa Sani na Yawuri, da Gambo mai waƙar ɓarayi, mutanen da jihar Kebbi ke da haƙƙin adanawa kafin kowa.

Maƙwabtanmu sun riga sun ga yadda abin yake. Ƙungiyar Super Borgou ta Parakou, ƙarƙashin Moussa Mama, ta yi tashe a arewacin Benin a shekarun 1970 tana waƙa da Bargonci da Dendi, sannan aka manta da ita. Sai da Samy Ben Redjeb, mai kamfanin Analog Africa na Jamus, ya bi sawun tsofaffin faifanta, ya tattara, ya fitar da su a 2012, sannan duniya ta san da ita. Haka wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya zauna a Kidal ta ƙasar Mali yana kwasar waƙoƙi daga memorin mutane, ya fitar da su a faifai a 2011 ƙarƙashin Sahel Sounds. Ba laifinsu nake gani ba, sun yi abin da ya dace. Sai dai waƙar fada ba kiɗan rawa ba ce da baƙo zai so ko bai ji harshen ba. Dukiyarta a cikin magana take. Babu wanda zai taso daga Jamus ya tantance mana wace ce ta Narambaɗa, wace ce ta Ɗanƙwairo.

Lokaci kuma ba ya jira. Zafin watan Maris da Afrilu a wannan yanki yana haura digiri 40, a ɗaki mai rufin kwano ya fi haka, ga danshin bakin kogi da damina. Zafi da danshi su ne manyan maƙiyan zare. Idan mai akwatin ya rasu kuma, magada ba sa lissafa kaset cikin gado, yara ne ke zare shi su yi wasa.

Yadda ake juyar da kaset zuwa kwamfuta

Hanya mafi muni ita ce a kunna rakoda a ajiye waya a gaban sifika. Za ka ɗauki waƙar tare da kukan akuya da ƙarar babur, kuma manhajar ɗaukar murya ta waya an gina ta ne don magana, tana iya danne kiɗa a matsayin hayaniya. Ƙananan na'urorin nan masu kama da Walkman da ke juyar da kaset kai tsaye zuwa filash sun fi wannan, amma yawancinsu injinsu ba ya tafiya daidai, kuma MP3 suke fitarwa. Idan babu wata hanya kuma kaset ɗin na aro ne, a yi da su, ya fi babu. Amma kada a ɗauka an gama.

Abin da ya dace shi ne tsohuwar dek ta gida, irin su Sony ko Technics ko Pioneer, wadda ake samu a wajen masu kayan gwanjo ko masu gyaran rediyo. A bayanta akwai ramuka biyu, ja da fari, da aka rubuta Line Out. Daga nan za a ja waya zuwa ƙaramar na'urar sauti mai USB, misali Behringer UCA222, ita kuma a soka ta a kwamfuta. Kada a soka a ramin makirfo na kwamfuta, domin ƙarfin da dek ke fitarwa ya fi abin da ramin zai ɗauka, sauti zai fashe. Manhajar ɗauka kuma Audacity ta wadatar, kyauta ce.

Kafin a sa kaset mai daraja, a gwada dek ɗin da wanda ba a damu da shi ba, don a tabbatar ba ta cin zare. A goge hed da ƙarfen da ke juya zare da auduga da sifirit, a duba robar da ke danne zaren ko ta bushe. Idan bel ya saki, murya za ta riƙa lilo, a kai wa mai gyara ya sauya. Shi kuma kaset ɗin, a ɓalle 'yan haƙoran da ke samansa don kada hannu ya kuskure ya danna jan maɓalli a shafe tarihi. A duba ɗan soson da ke ƙarƙashin zare a tsakiya, yakan ɓalle don tsufa, kuma idan babu shi sauti ba zai fito da kyau ba. Idan gidan kaset ɗin ya fashe, ana iya kwance shi a mayar da zaren cikin wani gida mai sukuru. Wanda ya yi fumfuna kuwa kada a sa shi a na'ura, zai shafa wa na bayansa. A yi hattara da C120, zarensa siriri ne ƙwarai, ya fi C60 da C90 saurin tsinkewa.

Sai abu guda da ya fi komai tasiri, wanda kuma kusan kowa ke tsallakewa. A gefen hed akwai ɗan sukuru da ke karkata shi. Kowane kaset an ɗauke shi ne a na'urar da hed ɗinta ke da tata karkata. Idan taka ba ta yi daidai da waccan ba, sauti zai fito a dushe kamar an rufa wa sifika bargo. A sa abin sauraro a kunne, a haɗe sautin ya zama mono, kaset na tafiya a riƙa juya sukurun kaɗan-kaɗan da ƙaramin sukundireba, har a kai inda baƙin s ya fi fitowa tas. Kaset da yawa da ake cewa sun mutu ba su mutu ba, wannan kawai suke buƙata. Ana yin haka ne ga kowane kaset, wani lokaci ma ga kowane gefe. Babu manhajar da za ta iya maye gurbin wannan juyi na rabin minti.

Wajen ɗauka, a zaɓi WAV. Ƙungiyar ma'ajiyan sauti ta duniya, IASA, ta ce kada a yi ƙasa da 48 kHz da bit 24. Awa ɗaya a wannan ma'auni tana cin kusan gigabait 1. Ƙananan na'urori irin wadda na ambata suna tsayawa ne a bit 16, kuma ga kaset da ya riga ya sha kwafi wannan ba abin tayar da hankali ba ne. A saita ƙarfin sauti yadda ba zai taɓa jan layi ba. A ɗauki gefe guda gaba ɗaya ba tsayawa, har da maganar mai gabatarwa idan daga rediyo aka ɗauka, domin sau da yawa ita ce kaɗai shaidar inda sautin ya fito. Idan da hali a yi aikin da batir ko inbata. Janareta yana shigar da gurnani cikin sauti, kuma idan wutarsa na hawa da sauka ba a rasa matsala.

Jarabar "gyara"

Da zarar sauti ya shiga kwamfuta, hannu zai fara ƙaiƙayi. A cire "shuu", a ƙara bes, a sa eko, a mayar da shi sitiriyo. Kafin a yi haka, ga labarin da ya kamata a sani.

João Gilberto, mutumin jihar Bahia ta ƙasar Barazil, shi ne ake ɗauka uban salon kiɗan bossa nova. Murya ƙasa-ƙasa da jita, babu hayaniya, komai nasa a kan ma'auni. Faifansa uku na farko, waɗanda ya yi wa kamfanin Odeon tsakanin 1959 da 1961, su ne tubalin wannan salo. A 1988 kamfanin EMI ya sake sarrafa sautinsu ya haɗe su wuri guda ya fitar. Gilberto ya ce an ɓata masa aiki, abin da aka fitar ba sautinsa ba ne, ya kai ƙara. Shari'ar ta ɗauki shekaru, sai a 2011 wata babbar kotun ƙasar ta ba shi gaskiya. A tsawon wannan rikici, samun waɗannan faifai a hukumance ya yi wuya, masu tara faifai suka koma farautar tsofaffin bugu na asali. Ya rasu a 2019. Injiniyoyin da suka yi wancan aiki ƙwararru ne, da kayan aiki na miliyoyi, kuma a ganinsu gyara suka yi.

Gilberto yana raye ya kare kansa. Narambaɗa ba ya nan. Manhajar rage ƙara ba ta san bambancin "shuu" na zare da numfashin mawaƙi ba, idan aka matsa mata sai ta kwashe duka, ta bar murya kamar daga cikin gwangwani. Sababbin manhajoji masu ƙirƙirarriyar basira sun fi wayo, da irinsu ne aka zaro muryar John Lennon daga wani tsohon kaset aka fitar da waƙar Beatles ta ƙarshe a 2023. Amma waɗannan manhajoji sun yi karatunsu ne galibi a kan jita da fiyano da Turanci. Ba su san kotso ba. A ganina haɗarinsu ya fi na tsofaffin, domin ba gogewa kawai suke yi ba, suna cike gurbi da abin da suke zato, kuma abin ya fito da tsabta har ka yarda da shi.

Ƙa'idar mai sauƙi ce. Fayil ɗin farko da aka ɗauka a ajiye shi yadda yake, kada a taɓa. Duk gyaran da za a yi, a yi shi a kan kwafi, a rubuta a jikin sunan cewa gyararre ne. Shekara goma nan gaba za a samu manhajar da ta fi ta yau, kuma ɗanyen za ta nema.

Gyara ɗaya da nake ganin ya halatta shi ne na gudu. Kaset na tafiya ne a santimita 4.76 cikin daƙiƙa. Idan an ɗauka da rakodar da batirinta ya yi sanyi, zaren ya tafi a hankali, to idan aka kunna a na'ura lafiyayya sai waƙar ta yi sauri, murya ta sirance. Bambancin kashi 6 cikin 100 ya isa ya sauya muryar mutum yadda kunne zai ji. Shi ya sa za ka ji Narambaɗa a wani fayil da murya irin ta dattijo, a wani kuma kamar saurayi. Akwai dabarar ganowa. Wutar lantarki a Najeriya da Benin tana kaɗawa ne sau 50 a daƙiƙa, kuma takan bar ɗan gurnani a cikin ɗauka. Idan ka duba a Audacity ka ga gurnanin yana kan 53 maimakon 50, alama ce kaset ɗin na gudu fiye da ƙima da kusan kashi 6. Alama ce kawai, ba hukunci ba, tunda an yi kwafi da yawa a hanya kuma kowanne na iya barin nasa gurnanin. A haɗa da kunnen dattijon da ya san waƙar.

Suna da bayani

Tarin fayil marasa suna ba tari ba ne, juji ne. Kowace waƙa a ba ta suna mai tsari ɗaya: mawaƙi, wanda aka yi wa waƙar ko sunan da aka san ta da shi, inda kaset ya fito, da shekarar da aka juya. A sunan fayil gara a yi amfani da baƙaƙe marasa ƙugiya, domin ƙananan wayoyi da rediyo mai memori sukan nuna ɗ da ƙ a matsayin akwati. Cikakken rubutu da ƙugiyarsa a sa shi a bayanan cikin fayil, da manhaja irin Mp3tag. A ɗauki hoton kaset ɗin gaba da baya, har da rubutun biro ko na ajami da ke jikinsa, da tambarin shagon da ya kwafa. A tambayi mai shi a ina ya saya, wace shekara, a rubuta. Abin da ba a tabbatar ba a rubuta "ana zato", kada a mayar da shi tabbas.

Kada kuma a yi saurin goge abin da ake gani maimaici ne. Makaɗan baka ba sa rera waƙa iri ɗaya sau biyu. A wani zama a ƙara ɗa, a wani a rage, a wani a sako sunan wanda ke wurin. Fayil biyu masu gindi ɗaya suna iya zama zama biyu daban. Sai an saurare su daga farko har ƙarshe, ana bin 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya, kafin a yanke hukunci. Idan ɗauka ɗaya ce, a riƙe mafi tsawo da mafi tsabta, ko da ba shi ne mafi ƙara ba. Kunne yana da saurin ruɗuwa, yakan ɗauka abin da ya fi ƙarfi shi ya fi kyau.

Ajiya da rabawa

Memori ba ma'aji ba ne, abin ɗaukar kaya ne. Yana mutuwa ba sallama, kuma kasuwa cike take da jabu, wanda aka rubuta 64GB alhali cikinsa bai kai haka ba. Irin wannan zai nuna maka fayil sun shiga, sai ranar da ka buɗe ka tarar babu komai. Manhajar H2testw tana tona asirinsa kafin ka amince masa. A ajiye kwafi uku: ɗaya a kwamfuta, ɗaya a rumbun ajiya na waje da ke wani gida daban, ɗaya a intanet. Google Drive na ba da gigabait 15 kyauta. Idan aka mayar da WAV zuwa FLAC, nauyin yakan ragu kusan rabi ba tare da an zubar da komai ba, don haka gigabait 15 zai ɗauki kaset masu yawa. Daga wannan ne za a fitar da MP3 na saurare, sau ɗaya tak, a 192 kbps ko sama. Idan za a aika wa wani ta WhatsApp, a aika a matsayin takarda, yadda zai isa ba a taɓa shi ba. Shi kuma kaset ɗin kada a yar bayan an juya. A tsayar da shi cikin gidansa, a ɗaki mai sanyi, nesa da sifika saboda maganaɗisun da ke cikinta.

Akwai batun haƙƙi. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 tana kare waƙa har shekara 70 bayan rasuwar mai ita, sautin da aka ɗauka kuma shekara 50. Ke nan waƙoƙin Narambaɗa ba su fita daga kariya ba sai an shiga shekarun 2030, na Sani Ɗandawo da Gambo kuwa da sauran tafiya mai nisa, kuma iyalansu suna nan. Adanawa daban, buɗe tasha a YouTube ana karɓar kuɗin talla da muryar mahaifin wasu daban. Wanda ya samu wani abu da ba a saba ji ba, ya kai kwafi sashen Hausa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, ko Hukumar Tarihi ta Waziri Junaidu, ko Gidan Arewa a Kaduna, tare da hoton kaset ɗin da bayanin inda aka samo shi. Shi kuma dattijon da ya ba da aron akwatinsa, a mayar masa da kayansa cif, a haɗa masa da memori da ɗan rediyon da zai kunna.